Famfas mai ruɓewa: da me ake yin sa, kuma ina zai ruɓe a Sakkwato?

Duk wanda ya bi ta gefen bola a Mabera ko Tudun Wada bayan an ɗauke ruwan farko ya san abin da ruwa ke tonowa ya jibge a bakin kwata: ledar fiya wata da famfas. Ledar mun daɗe da ita. Famfas kuwa bai jima da zama kayan kowane gida ba. Iyayenmu da tsumma da nafkin suka yi goyo, a wanke a shanya, yaro na fara zama a riƙa ɗora shi a ƙafa ko a kan fo. Yau ko mai ƙaramin ƙarfi kan sayi ɗaya ko biyu a shagon unguwa saboda dare, ko ranar zuwa asibiti, ko ranar biki. Ba na ganin laifin kowace uwa a nan. Macen da ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, ga yara ga girki, ita ta san wahalar da famfas ɗaya ya ɗauke mata.

Damuwar ita ce abin da aka ɗaura wa yaro na 'yan awoyi yana iya zama cikin ƙasa har yaron ya tsufa. Shi ya sa kamfanoni da masu bincike suka shiga neman wanda zai ruɓe, har an fara ganin ƙunshi mai hoton koren ganye da alkawarin cewa wannan ba ya ɓata ƙasa. Kafin mu karɓi alkawarin, ya kamata mu san abin da ke cikin famfas, wane ɓangare ake iya musanyawa, wanne ya gagara, sannan ko abin da ya ruɓe a Turai zai ruɓe a garin da ke yin wata bakwai zuwa takwas ba a ga ɗigon ruwan sama ba.

Sa almakashi ka raba sabon famfas gida biyu. Shimfiɗar da ke taɓa jikin yaro, wadda laushinta ke sa a ɗauka auduga ce, roba ce. Ana kiranta PP, ita ce dai wadda ake saƙa buhun shinkafa da ita, sai dai a nan an ja zaren ya yi siriri ƙwarai, an manne shi da zafi ba tare da saƙa ba. An zaɓe ta don ba ta riƙe ruwa, an kuma shafa mata wani sinadari kaɗan da ke sa fitsari ya ratsa ya wuce, saman ya zauna a bushe. Ƙarƙashinta akwai wata siririyar shimfiɗa da ke baza fitsarin gaba da baya, don kada ya taru wuri ɗaya. Bayan famfas ɗin kuma leda ce, robar PE. A masu tsada ana cakuɗa ta da garin dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina don yin siminti, sannan a ja ledar har ƙananan ramuka su buɗe a gefen kowace ƙwayar gari. Ramukan sun isa tururi ya fita, ba su isa ruwa ya bi ba. Sai robar da ke kama cinya da ƙugu, da gam ɗin da ya haɗe komai, da maɗaurin gefe. Duk waɗannan daga man fetur suke.

Tsakiyar ce ke yin aikin, kuma abu biyu ne a cikinta. Na farko wani farin abu mai laushi da aka samu daga itace, an dafa shi an barbaje. Mafi yawansa daga dazuzzukan kudu maso gabashin Amurka ake kawo shi, domin itatuwan can zarensu dogo ne. Wannan yana ruɓewa, babu gardama. Na biyu wani gari ne mai kama da sukari da ke zubowa idan ka girgiza abin da ka yanka. Shi ne SAP, gari mai tsananin shan ruwa da ake yi daga man fetur. Lokacin da kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a 1961 babu wannan gari a ciki, famfas ɗin lokacin kauri gare shi kuma yana saurin yoyo. A shekarun 1980 garin ya shiga, daga nan nauyin famfas ya ragu da kusan rabi, shansa ya ƙaru.

Zuba rabin cokali na garin a kofi ka ƙara ruwa. Kafin ka juya sau biyu ya kumbura ya cika kofin kamar garin kwaki da aka jiƙa, ka kifar da kofin ruwa ba zai zubo ba. Abin da ke faruwa shi ne kowace ƙwaya dogayen sarƙoƙi ne na sinadari da aka ɗaɗɗaure da juna, kuma jikinsu cike yake da sodiyam, wato ɗaya daga cikin abu biyun da suka haɗu suka zama gishiri. Ruwa a kullum yana kwarara zuwa inda gishiri ya fi yawa, saboda haka sai ya kutsa cikin ƙwayar. Ɗaurin da ke tsakanin sarƙoƙin shi ke hana ta narkewa, sai dai ta kumbura. A tataccen ruwa tana ɗaukar nauyinta sau ɗaruruwa. A fitsari kuwa, da yake shi ma da gishirinsa, abin yana sauka zuwa wajen sau 30 ko sama kaɗan. Amma ba yawan shan ne ya sa ta gagara musanyawa ba. Riƙewa ce. Tsumma ma yana shan ruwa, amma yaro na zama a kai ya matse shi ya dawo jiki. Wannan garin ko an danne shi ba ya saki. Uwa ta goya yaro ta ɗaure da majanyi ta yi tafiya daga Runjin Sambo zuwa Babbar Kasuwa, bayanta a bushe. Wannan ne abin da take biyan kuɗi dominsa.

To wannan gari ba ya ruɓewa, ko kuma a ce ruɓewarsa ta yi jinkirin da ba a lissafa ta. Abin lura shi ne ɗaya daga cikin na farko-farkon irinsa daga sitacin masara aka yi shi. Masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka ne suka haɗa shi a garin Peoria a farkon shekarun 1970, suka sa masa suna Super Slurper. Daga baya masana'antu suka koma na man fetur zalla saboda ya fi araha ya kuma fi ƙarfi. Yanzu ana komawa baya, ana gwada sitaci, da sinadarin jikin itace da ake ɗaurewa da ruwan tsamin lemo, da wasu da ƙwayoyin halitta ke samarwa. Suna sha, wasu ma sosai. Inda suke faɗuwa shi ne wajen dannewa: sai su yi laushi su saki ruwa, ko ƙwayoyin garin da ke sama su kumbura su toshe hanya, fitsari na biyu ya rasa inda zai shiga ya bi ta cinya. Ga tsada. Saboda haka mafi yawan famfas da ake tallatawa da sunan mai ruɓewa, idan ka duba da kyau, garin da ke cikinsa na man fetur ne. An canza saman, an canza bayan, an bar tsakiya yadda take.

Saman da bayan sun fi sauƙi. Ana yin shimfiɗar sama da auduga, ko zaren da aka narkar daga itace ko gora, ko wata roba mai suna PLA da ake yi daga sitacin masara ko rake. Ana yin ledar baya da sitaci haɗe da wata roba mai suna PBAT, wadda daga man fetur take amma ƙwayoyin ƙasa na iya cinye ta. Robar cinya da gam har yanzu ba a sami gamsasshen madadinsu ba.

A nan ne mai saye ke ruɗewa, domin abu uku ake haɗa masa a matsayin ɗaya. Akwai robar da aka yi daga tsiro amma ba ta ruɓewa ko kaɗan: kamfanin Braskem na Burazil yana yin PE daga rake, kuma da zarar an gama ba ta da bambanci da ledar da muka sani. Akwai wadda aka zuba wa sinadarin da ke sa rana ta farfasa ta ta zama gutsattsari, ido ya daina gani alhali robar na nan cikin ƙasa. Tarayyar Turai ta haramta wannan tun daga Yulin 2021. Sannan akwai wadda da gaske take komawa taki, amma bisa sharaɗi. Ma'aunin da Turai ke amfani da shi, EN 13432, cewa ya yi kashi 90 cikin ɗari na abin ya ruɓe cikin wata 6, kuma ya wargaje cikin mako 12. Sai dai gwajin ana yin sa ne a zafin digiri 58, cikin danshi da iska, irin yanayin masana'antar yin taki inda ake juya tulin ana yayyafa masa ruwa. PLA da ta ci wannan jarrabawa, idan aka binne ta a ƙasa haka kawai, tana iya shekaru ba ta canza ba.

Wani zai ce ai zafi ba shi ne matsalarmu ba, a watan Afrilu muna haura digiri 40. Haka ne, amma ba zafi ke cin abu ba, ƙwayoyin halitta ne, su kuma sai da ruwa. Tulin taki yana buƙatar kusan rabin nauyinsa ya zama danshi kafin su yi aiki. Zafinmu busasshe ne. Daga Oktoba zuwa Mayu abin da aka yar a fili bushewa yake yi ya ƙandare, shi ya sa kilishi ke yiwuwa a garin nan. Ruwan da muke samu, wajen milimita 600 zuwa 700 a shekara, kusan duk yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, kuma idan ya zo da ƙarfi yake zuwa, ya kwashe abin da ke bola ya kai kwata kafin a yi maganar ruɓewa. Abin da aka danne a ƙarƙashin tulin shara kuma iska ba ta kai masa. Wani masani a Jami'ar Arizona, William Rathje, ya shafe shekaru yana haƙa manyan jujin Amurka, ya riƙa tono jaridun da suka shekara da dama a binne ana iya karanta su. Idan takarda ba ta ruɓe a wurin ba, famfas ba zai ruɓe ba ko da me aka yi shi.

Zafin namu yana da wani tasirin da ba a cika faɗa ba. PLA tana fara laushi a tsakanin digiri 55 zuwa 60. Katan ɗin da ya kwana biyu a saman tirela daga Legas, ya zo ya zauna a shago mai rufin kwano a bazara, yana iya kusantar wannan. Ledar sitaci kuma tana tsagewa idan iska ta bushe a hunturu, tana shan danshi a damina. Abin da aka tsara don ya lalace bayan amfani yana iya fara lalacewa kafin a saye shi.

Ni a ganina duk wanda zai tsara irin wannan kaya domin Sakkwato, daga ƙarshe ya kamata ya faro, wato daga inda kayan ke ƙarewa. A Italiya an gina masana'anta kusa da garin Treviso don dafa famfas ɗin da aka yi amfani da shi da tururi a raba roba da zaren itace, a Japan kamfanin Unicharm yana yin makamancin haka a garin Shibushi. Mu ba mu da motar da ke bi gida-gida tana karɓar famfas daban. Namu yana ƙarewa ne a bola, ko kwata, ko masai, ko wuta. A masai yana kumbura ya cika ramin kafin lokacinsa, ya toshe bututun masu kwasa. A wuta ba ya ci da kyau saboda jiƙe yake, sai ya yi ta turnuƙe hayaƙi a tsakar gida inda yaran suke. A bola kuma akwai hanya biyu da suka fi damuna. Manoman gefen gari suna kwasar sharar bola su kai gona a matsayin taki, al'ada ce mai kyau da ta daɗe, amma yanzu idan aka baza takin sai ka ga fararen ledoji sun bazu a kan kunya. Sai dabbobi. Jar akuyarmu da duniya ta san fatarta, a bola take kiwo da rani. Mahauta sun san dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin dabbar da ta rame ba a san dalili ba.

Akwai kuma abin da ke cikin famfas ɗin, wanda ya fi robar haɗari a kusa. Kashin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin amai da gudawa, da taifot, da ƙwan tsutsar ciki, da shan-inna inda take yawo. Famfas mai ruɓewa da aka yar a fili bai rage wannan ba ko kaɗan, yana ma iya saurin fashewa. Kafin takin da aka yi da shi ya halatta a kai fadamar Kwalkwalawa inda ake noman abin da za a ci ɗanye, sai tulin ya kai digiri 55 ya zauna a haka kwanaki, ana juya shi. Wannan aiki ne na hukuma ko ƙungiya mai lura, ba na bayan ɗaki ba.

Audugar mata ta fi kusa da mafita, kuma dalilin a bayyane yake. Jinin da mace ke zubarwa a haila ɗaya yawanci mililita 30 zuwa 40 ne cikin kwanaki, alhali yaron da ya kai kilo 10 yana iya yin fitsarin da ya kusa rabin lita a yini guda. Jini kuma yana da kauri, garin SAP ba ya shansa yadda yake shan fitsari, zare ne ke yin mafi yawan aikin. Ke nan ana iya cire garin baki ɗaya. An kuma yi. A Yuganda, Dakta Moses Musaazi na Jami'ar Makerere ya ƙirƙiro MakaPads daga ciyawar fadama da tsohuwar takarda. A Ruwanda da Indiya ana yin audugar mata daga zaren jikin ayaba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford tare da abokin aikinsu na Kenya suka nuna yadda za a sarrafa zaren sisal, tsiron da ke jure fari, ya zama abin sha mai laushi, kuma sun yi hakan ne da yankuna masu ƙarancin ruwa a zuciya.

Sai dai a nan ma dole a san yadda matanmu ke yi. Da yawa ba sa yar da audugar haka nan. Sai sun wanke jinin, sun ƙulle a baƙar leda, sannan a ƙona ko a binne ko a jefa masai, saboda kunya da tsabta da tsoron kada wani ya yi mugun abu da ita. Wannan ba abin rainawa ba ne, abin da mai tsarawa zai gina a kai ne. Audugar da ke ruɓewa, idan aka ƙulle ta a ledar da ba ta ruɓewa, an gudu ba a tsira ba. Dole ta zo da abin naɗewa na takarda mai kauri ko ledar sitaci, wanda ba a ganin abin da ke ciki. Kuma al'adar binnewa, idan babu roba a kayan, ita ce ma hanya mafi dacewa da ƙasarmu, domin ƙarƙashin ƙasa ya fi samanta riƙe danshi.

Me muke da shi a kusa? Rama ce ta farko da ke zuwa raina. Muna cin ganyenta, muna tufka igiya da ɓawonta, amma farin karan da ke ciki, mara nauyi, galibi wuta ake sa masa, alhali a wasu ƙasashe shi ake shimfiɗa wa dawaki saboda yadda yake shan ruwa. Akwai audugar Gusau da Funtuwa, da guntun zaren da ke maƙale a jikin gurya bayan gurza. Akwai karan shinkafa a kwarin Rima. Akwai sitacin rogo, wanda Najeriya ta fi kowace ƙasa nomawa. Amma laushi ba shi ne sha ba. Audugar rimi da muke cusa wa matashi tana da maiƙo a jikinta, ka jefa ta a ruwa sai ta yi ta yawo a sama. Ita kanta audugar gona haka take, sai an dafa ta da sinadari an cire maiƙon kafin ta zama irin ta asibiti. Wannan dafawar, da wankewa, da busarwa, da kashe ƙwayoyin cuta, su ne ke cin ruwa da wuta da kuɗi, kuma a nan ƙananan masana'antu ke durƙushewa. Kayan da zai taɓa al'aurar jariri ko mace ba a yi masa ganganci. Zaren da bai bushe sosai ba yana yin fumfuna a cikin ƙunshi.

Ga yara kuwa, tsarin da na fi gamsuwa da shi shi ne mai gida biyu: wando na waje mai hana yoyo, wanda ake wankewa a yi ta amfani da shi wata da watanni, da ƙunzugun ciki na zaren tsiro zalla wanda ake cirewa a binne. Robar cinya, wadda ta gagara musanyawa, da maɗauri da ledar baya sun koma cikin abin da ba a yarwa. Wankin wandon bai kai na nafkin cin ruwa ba, rana kuma muna da ita ta shanya. Gaskiya ne ba zai kai famfas na kanti riƙe fitsarin dare ba, sai an riƙa canzawa da wuri. Amma barin yaro a famfas ɗaya tun safe har la'asar don a tsimi kuɗi, a wannan zafin, shi ke kawo jan gindi da ƙurajen da ke sa yaro kwana kuka. Wanda ya fi araha har uwa ta iya canzawa sau huɗu ya fi wanda ya fi ƙarfi amma sau ɗaya take iya saye.

Kada kuma a manta da manya. Matan da ke jiran aikin yoyon fitsari a asibitin mata da yara na Maryam Abacha, da tsofaffin da ke kwance a gida, da masu shanyewar ɓarin jiki, su ne suka fi kowa buƙatar abin sha mai araha, kullum ba hutu, kuma nasu ya fi na yara girma da nauyi. Yawancinsu da tsummokara suke fama. Duk tsarin da ya yi wa yaro aiki, a faɗaɗa shi ya kai gare su.

Abin da ya rage shi ne gwaji a ƙasarmu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da masana ƙasa da na sinadarai da na dabbobi, tana kuma da fili. A ɗauki kowane kaya da ke da'awar ruɓewa, na waje da na gida, a binne wani a jigawa wani a fadama, wani a farkon damina wani a tsakiyar hunturu, a tono bayan wata uku da wata shida da shekara, a auna abin da ya saura. Sakamakon nan ne ya kamata hukumomin SON da NAFDAC masu kula da ingancin kaya su nema kafin su bar wani ya buga koren ganye a jikin ƙunshi, kuma a rubuta shi a jikin kayan da Hausa, boko da ajami: kashi nawa ke ruɓewa, cikin wata nawa, kuma binnewa za a yi ko kaiwa wurin yin taki.